Ƙaramar Mota a Maitama: Abin da Watannin Farko ke Koya wa Mai Ita

Abuja — Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin riƙe mota ya canja a kowane gida da kowane ofis a Nijeriya. Unguwar Maitama, wadda ta yi suna wajen manyan gidaje da manyan motoci, ita ma canjin bai tsallake ta ba. A tsakanin jif-jif masu baƙin gilashi da ke kai da kawowa a titin Aguiyi Ironsi da na Gana, akan ga ƙananan motoci irin su Suzuki S-Presso da Kia Picanto da Hyundai Grand i10, waɗanda a da ba kowa ne zai yarda ya ajiye su a ƙofar gidansa ba a wannan unguwa.

Wanda ya sayi irin wannan mota yakan fara jin daɗinta ne a gidan mai, tun a makon farko. Sai dai hukuncin da ɗan kasuwa zai yanke a kanta yana buƙatar haƙuri fiye da haka, domin sauran lissafin yana fitowa ne sannu a hankali: a kan babbar hanya, a garejin makanike, da kuma ranar da za a sayar da ita. Abin da watannin farko ke nunawa shi ne, ribar ƙaramar mota ta dogara ne a kan aikin da aka ba ta da hanyar da take bi kullum.

Unguwar da mota ke gabatar da mai ita

Maitama na ɗaya daga cikin gundumomin kashi na farko na birnin Abuja, tare da Garki da Wuse da Asokoro da kuma tsakiyar birnin. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ce ta kafa Babban Birnin Tarayya, aka kuma dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamban 1991. A Maitama ne otal ɗin Hilton yake, wanda aka buɗe a 1987, haka nan hedkwatar Hukumar Zaɓe da ta Hukumar Sadarwa da ta Hukumar Kula da Jami'o'i, ga kuma ofisoshin jakadancin ƙasashe da dama. Titunan unguwar, waɗanda yawancinsu aka ba su sunayen koguna kamar Nile da Mississippi da Yedseram, suna da kwalta mai kyau da faɗi daidai gwargwado.

An tsara Abuja ne a kan cewa mazauninta zai kasance da mota. Bugu da ƙari, hukumar birnin ta hana acaba shiga tsakiyar gari tun 2006, ta kuma taƙaita zirga-zirgar Keke Napep a manyan gundumomi a 2019. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka ƙaddamar a 2018 aka sake tayar da shi a 2024, ya haɗa tsakiyar birni ne da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, bai ratsa Maitama ba. Saboda haka duk kamfanin da ke da ofis a unguwar, tilas ne ya tanadi abin da zai kai takarda banki, ya ɗauko baƙo daga otal, ya kai ma'aikaci wata ma'aikata. Haka kuma duk gidan da ke da 'yan makaranta da cefane. Waɗannan gajerun tafiye-tafiye su ne ainihin aikin da aka ƙera ƙaramar mota dominsa.

Ba yau ƙaramar mota ta shigo ba

Dattawan 'yan kasuwa ba za su manta da Volkswagen Beetle ba, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya soma aiki a Kakuri ta Kaduna. A wancan zamani, da ƙarin albashin Udoji ya shiga hannun ma'aikata, malamin makaranta da ƙaramin akawu suna iya sayen sabuwar mota fil. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ma ta mayar da Peugeot 504 motar manyan jami'anta, don nuna tsimi da tanadi.

Wannan yanayi ya rushe bayan 1986, sa'ad da shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Daga nan ne kasuwar motocin tokumbo ta buɗe, ta tashar Legas da ta Kwatano. Cikin shekarun 1990 motocin Daewoo na Koriya ta Kudu sun yi tashe a ƙasar nan saboda sauƙin kuɗinsu, musamman Racer, yayin da 'yar ƙaramar Tico mai silinda uku ta zama tasi a biranen Ghana. Amma rukunin kamfanonin Daewoo ya durƙushe a 1999, masu motocin suka shiga wahalar neman kayan gyara, darajarsu ta faɗi a kasuwa. Wannan darasi yana nan a zukatan dillalai har yau.

Ƙananan motocin da suka jure a wannan yanki su ne waɗanda masu haya suka runguma: Nissan Micra a Ibadan, Toyota Starlet a Yamai, da Volkswagen Golf a tashoshin Arewa. Abin da ya raya su shi ne yawansu, domin inda mota ta yi yawa, nan kayanta ke araha, nan kuma makanikai ke ƙwarewa a kanta.

Murnar farko a gidan mai

Tarihin farashin man fetur ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ƙaramar mota ta dawo. A 1994 litar mai ta tsaya a kan N11. A 2012 ta koma N97, a 2016 kuma N145. Kafin janye tallafi a 2023 ana sayen ta ƙasa da N200 a Abuja. Kwanaki kaɗan bayan jawabin shugaban ƙasa, gidajen man kamfanin NNPC na birnin suka mayar da ita N537, a watan Yuli ta kai N617, a Oktoban 2024 kuma ta haura N1,000. Daga bisani farashin ya yi ta hawa da sauka, musamman bayan da matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, amma bai koma kusa da inda ya baro ba.

Tankin Suzuki S-Presso yana cin lita 27, na Kia Picanto lita 35, na Toyota Corolla lita 50, na Toyota Prado kuwa lita 87. In aka ɗauki N1,000 a matsayin kuɗin lita don sauƙin lissafi, wanda ya saba ba da N87,000 kafin a cika masa tanki, in ya koma ba da N27,000, dole ya ji sanyi a ransa. Sai dai girman tanki ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin gaskiya shi ne nisan da lita guda ke kaiwa.

Alal misali, a ɗauka motar ofis tana yin kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata, wato kilomita 1,040. In ƙaramar mota tana yin kilomita 15 da lita guda a cikin gari da na'urar sanyaya a kunne, za ta sha kimanin lita 69. In babbar jif tana yin kilomita 6 da rabi da lita, za ta sha lita 160. Bambancin ya kama lita 91 a wata, wato N91,000, wanda a shekara ya zarce naira miliyan ɗaya. A lokacin da lita take N185, wannan bambanci bai kai N17,000 a wata ba, abin da babban ɗan kasuwa ba zai ko waiwaya ba. A farashin N1,000 kuwa ya fi mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024.

Akwai abin da sabon mai mota ke ganowa kafin wata ya ƙare. Alƙaluman shan mai da masu ƙera mota ke bugawa a takardun talla, waɗanda kan kai kilomita 20 ko fiye da lita guda, an same su ne a gwaji na musamman, babu cunkoso, babu kaya, babu na'urar sanyaya. A zafin watan Maris da Afrilu na Abuja ba mai iya tuƙi gilashi a rufe ba tare da sanyi ba, ƙaramin inji kuwa yana jin nauyin na'urar sosai. Hanyar da masu lura suke bi don sanin gaskiya ita ce su cika tanki, su rubuta lambar kilomita, su sake cikawa bayan kwanaki, sannan su raba nisan da litocin da suka shiga. In aka yi haka sau uku ko huɗu, lissafin da ya fito shi ne abin dogaro.

A cikin gari

Abu na biyu da ke faranta ran mai ƙaramar mota shi ne wurin ajiyewa. S-Presso da Picanto ba su kai mita 3.6 a tsawo ba, alhali Prado ta kusa mita biyar. Duk wanda ya taɓa neman wurin tsayawa da tsakar rana a titin Aminu Kano ko Adetokunbo Ademola a Wuse II, ko a bakin kasuwar manoma ta Maitama, ko harabar wata ma'aikata a ranar taro, ya san darajar wannan mita guda da 'yan kai. Sitiyarinta ba nauyi, tana juyawa a ƙaramin fili, kuma direba yana ganin gabansa da gefensa. Ga wanda bai daɗe da fara tuƙi ba, wannan babban sauƙi ne.

Amma a makonnin nan ne kuma ƙorafe-ƙorafen farko ke fitowa. Injin S-Presso mai silinda uku ne, girmansa lita ɗaya, ƙarfinsa bai kai na doki 70 ba. Irin wannan inji yakan yi 'yar karkarwa in mota na tsaye a fitilar hanya, wanda ya saba da silinda shida sai ya zaci wani abu ya lalace, alhali ɗabi'arsa ce. Maitama kuma unguwa ce mai hawa da gangara. In aka ɗauki mutum huɗu, aka kunna sanyi, aka nufi hawan Ministers' Hill, dole direba ya rage giya ya kuma yi haƙuri.

Har ila yau akwai batun giya. Wasu daga cikin waɗannan motoci ana sayar da su a matsayin masu canja giya da kansu, amma na'urar da ke cikinsu giyar hannu ce da aka ɗora wa kwamfuta tana taka kuloci a madadin direba. Tana da sauƙin kuɗi da sauƙin shan mai, sai dai takan ɗan yi jinkiri da fizga a lokacin canji, kuma a kan hawa tana iya komawa baya kaɗan kafin ta kama. Wanda ya saki totur kaɗan a daidai lokacin canjin yakan samu sauƙi. Ya kamata mai saye ya tambayi dila wace irin giya ce, ya kuma gwada motar a kan hawa kafin ya biya kuɗi.

Ɗaukar kaya ma yana da iyaka. But ɗin Picanto lita 255 ne, wanda ya isa cefanen gida da buhun shinkafa, amma bai isa kayan shago ba. Jimillar nauyin da irin waɗannan motoci ke iya ɗauka, har da mutanen ciki, ba ya wuce kilo 400 da wani abu. Wanda ya mayar da ita akori-kura, shokozoba da taya ne za su fara ba shi amsa. Wannan ƙarancin wuri ne kuma ke hana yawancin masu su amfana da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2023, domin tukunyar gas ɗin kusan duk but ɗin take cinyewa.

Kan babbar hanya

Yawancin waɗanda ke aiki a Maitama ba a cikinta suke kwana ba. Daga Kubwa da Dutse da Gwarinpa, ko Nyanya da Mararaba, ko Lugbe ta hanyar filin jirgi suke fitowa kullum. A nan ne ra'ayin mai ƙaramar mota ke fara rabuwa biyu. Babbar hanyar Kubwa tana da layuka da yawa, ana gudu a kanta, ga tifofin da ke saukowa daga wuraren fasa dutse na Mpape, ga tankoki da tireloli. Motar da nauyinta bai kai kilo 800 ba, kamar S-Presso, tana jin iskar babbar mota in ta wuce ta, kuma ƙarar inji da ta taya na cika ciki da zarar an doshi kilomita 100 a sa'a, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta yarda wa ƙananan motoci a irin wannan hanya.

Batun tsaron rai ya fi na jin daɗi muhimmanci. In mota mai nauyi ta yi karo da marar nauyi, marar nauyin ce ke ɗaukar mafi yawan bugun, wannan ba ya canjawa. Abin da ke rage illar shi ne ƙarfin ƙarfen jiki, da jakunkunan iska masu tare mutum, da birki mai hana taya kullewa. Ƙungiyar Global NCAP, mai gwada motoci ta hanyar buga su da gangan, ta gwada S-Presso da ake sayarwa a Indiya a 2020 ba ta ba ta tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2022 ta gwada wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu, mai jakar iska biyu, ta ba ta taurari uku cikin biyar. Suna ɗaya, masana'anta ɗaya, amma kayan tsaro sun bambanta gwargwadon kasuwar da aka nufa. Don haka tambayar da ta kamaci mai saye ita ce, jakar iska nawa ce a cikin wannan motar da ke gabansa, ba abin da aka rubuta a tallar wata ƙasa ba. Ɗaura bel kuwa, wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa a 2003, ya fi zama dole a ƙaramar mota.

Damina ma tana da nata gwajin. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa na kwanciya a wasu titunan unguwannin bayan gari, ramuka na buɗewa. S-Presso tana da tsayin milimita 180 daga ƙasa, abin da ke taimaka mata a kan tudun rage gudu da hanyar da ba kwalta, amma wasu ƙananan motocin sun fi ta kusa da ƙasa. Tayoyinsu ƙanana ne, inci 13 ko 14, rami ɗaya na iya lanƙwasa rim. Tafiya zuwa Kaduna ko Kano ba ta gagare su ba, sai dai direba da fasinja za su isa a gajiye, wuce tirela kuma na buƙatar dogon fili.

Gareji da kayan gyara

Bayan wata na farko ko na biyu lokacin juyen baƙin mai ke zuwa, a nan ne mai mota ke fara sanin kuɗin riƙo. Ta wani ɓangaren akwai sauƙi: ƙaramin inji baƙin mai kaɗan yake ci, kimanin lita uku, filoginsa uku ne, batirinsa da tayoyinsa sun fi araha. Ta ɗaya ɓangaren kuwa, sabbin injuna na buƙatar baƙin mai marar kauri irin wanda littafin motar ya ambata, ba mai kaurin da aka saba zuba wa tsofaffin motoci a bakin titi ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri. Gurɓataccen fetur, irin wanda aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata motoci a Abuja da Legas, ya fi yi wa sabon inji illa.

Sabuwar mota tana zuwa da garanti, amma sharaɗinsa shi ne a riƙa kai ta garejin dila a kan lokaci. Kamfanin CFAO ne ke da wakilcin Suzuki a Nijeriya, Dana ke da na Kia, rukunin Stallion kuma na Hyundai. Kuɗin aiki a garejin dila ya fi na makaniken unguwa, amma wanda ya kauce don tsimin 'yan dubbai yana iya rasa garantin da ya fi su daraja nesa ba kusa ba.

Babbar tambaya ita ce abin da zai faru bayan garanti ya ƙare. A kasuwar makanikai ta Apo, kayan Toyota Corolla da Camry da Honda Accord ba sa wuyar samu, sabo da na Beljiyam, domin motocin sun cika ƙasar. Ƙaramar motar da aka ƙera a Indiya don kasuwannin Asiya da Afirka ba ta da irin wannan rumbu na tsofaffin kaya daga Turai da Amurka. Fitila ko madubi ko bamba in ya fashe, sau da yawa sai an koma wurin dila, ko a jira a kawo daga Legas. Motar ofis da ta yi mako biyu a ajiye tana jiran kaya, asarar ta shiga lissafi ita ma. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne yawaitar motar. Tun da kamfanin Moove ya fara ba direbobin Uber ƙananan motocin Suzuki a Legas bisa tsarin biya sannu a hankali, 'yan kasuwar kayan gyara suka sami dalilin shigo da kayansu.

Kuɗin saye da kuɗin sayarwa

Ƙanƙantar mota ba ta nufin ƙanƙantar farashi. Kusan duk waɗannan motoci da dala ake shigo da su. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen N460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura N1,500. Ga kuma kuɗin fito. Manufar bunƙasa masana'antar motoci ta 2013 ta ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari a kan motocin da aka shigo da su a haɗe, don a ƙarfafa harhaɗawa a gida, abin da ya sa Stallion ya farfaɗo da tsohuwar masana'antar Volkswagen ta Legas a 2014. Dokar kuɗi ta 2020 ta rage wani ɓangare na harajin, amma faɗuwar naira ta cinye sauƙin.

Saboda haka mai kuɗi a hannu yana tsakanin zaɓi biyu: sabuwar ƙaramar mota mai garanti, ko tokumbo mai girma wadda kowane makanike ya san ta. Wanda zai ci bashin banki sai ya ƙara da kuɗin ruwa, domin Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna saye su sayar wa abokin hulɗa da riba sananniya, ita ma wannan riba dole a sa ta a lissafi. Inshora kuma ta tashi: tun Janairun 2023 mafi ƙanƙantarta ta koma N15,000 daga N5,000, cikakkiya kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Sabuwar mota da aka saya da bashi, cikakkiyar inshora ake nema a kanta.

A ƙarshe akwai ranar sayarwa. Ɗan kasuwar Arewa ya saba ɗaukar mota a matsayin kadara da za a iya mayarwa kuɗi in buƙata ta taso. Toyota tana riƙe darajarta a hannun dillalai saboda masu nemanta suna da yawa. Ƙaramar motar da ba ta daɗe a kasuwa ba, masu tayawa kaɗan ne, kuma suna tayawa da tsoro. Miliyan ɗayan da aka tsimi a gidan mai cikin shekara, ana iya rasa ta a rana ɗaya wurin sayarwa in aka yi gaggawa. Wanda ya yi niyyar riƙe motar shekara biyar ko fiye, shi ne tsimin man ke isa ya rufe masa wannan giɓi.

Idon jama'a

Akwai wani lissafi da ba ya shiga littafin akanta, amma a Maitama yana da nauyi. A unguwar da maigadi ke duban mota kafin ya dubi mai ita, wanda ya zo a ƙaramar mota yakan sha tambayoyi a bakin ƙofa fiye da wanda ya zo a jif, wani lokaci ma a ɗauke shi direban haya. Ɗan kwangilar da zai je neman aiki na miliyoyi yana da dalilin tunanin abin da motarsa za ta faɗa a kansa kafin ya buɗe baki.

Wannan ba a Nijeriya kaɗai ba ne. Kamfanin Tata na Indiya ya fito da Nano a 2009 a matsayin mota mafi araha a duniya, amma wannan kirari ne ya kashe ta, domin ba mai son a san shi da motar talaka; aka daina ƙera ta a 2018. A Japan kuwa, inda doka ta ware rukunin ƙananan motoci masu injin da bai wuce cc 660 ba, ta kuma sassauta musu haraji, suna kai kusan kashi ɗaya cikin uku na sabbin motocin da ake sayarwa, kuma mai hali ba ya jin kunyar shigarsu. Bambancin ya nuna cewa daraja a idon jama'a tana bin al'ada da manufar hukuma, kuma tana iya canjawa. Tsadar mai ta riga ta fara wannan aiki a Abuja.

Abin da ɗan kasuwa zai auna

Daga abin da watannin farko ke nunawa, ƙaramar mota ta fi dacewa da gida ko kamfanin da ke da wata motar don doguwar tafiya da manyan baƙi, ya bar wa ƙaramar aikin yau da kullum tsakanin Maitama da Wuse da Garki da tsakiyar birni. A wannan aiki tana rage kuɗin mai da fiye da rabi, tana kuma rage wa babbar motar tsufa. Ga wanda ita kaɗai zai mallaka, yana da iyali da yawa, yana bin hanyar Kubwa ko Nyanya safe da yamma, yana kuma zuwa gida Arewa lokacin Salla, tokumbo matsakaiciya mai silinda huɗu na iya fi masa amfani ko da ta fi shan mai.

Kafin a biya kuɗi, akwai abubuwan da ba sa buƙatar ƙwarewa. A rubuta kilomitocin da ake yi a wata da hanyoyin da ake bi. A gwada motar da mutum huɗu a ciki, da sanyi a kunne, a kan hawa da kan babbar hanya. A nemi dila ya rubuta farashin juyen mai da na birki da fitila da gilashin gaba, da kwanakin da ake ɗauka kafin a same su a Abuja. A leƙa Apo a ji ko akwai makaniken da ya san giyarta. Sannan a tambayi dillalin motoci nawa zai taya irinta mai shekara uku. Kamfanin da zai sayi guda biyar ko goma don ma'aikatansa, zai fi masa alheri ya fara da ɗaya, ya ajiye littafin mai da na gyara har ta ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, kafin ya sa hannu a kan sauran.